GLE 450, X5, Q7 ko Range Rover Sport: wane injin ƙaramin haibirid ne zai jure Sakkwato?

Duk wanda ya shiga neman babbar motar Turai ƙirar 2019 zuwa sama zai tarar kusan abu ɗaya ne a ƙarƙashin bonet ɗinsu: injin fetur mai lita 3 da silinda shida, da turbo, da wani tsarin lantarki mai volt 48 da aka haɗa masa. Dillali zai shafa bonet ya ce maka, "Alhaji, wagga haibirid ta, ba ta shan mai." Haibirid ɗin gaskiya ne. Batun rashin shan man ne ke buƙatar gyara.

Huɗu ne aka fi kai-kawo a tsakaninsu: Mercedes GLE 450, BMW X5 xDrive40i, Audi Q7 55 TFSI da Range Rover Sport P400. Lokacin da suke sabbi a Amurka, ukun farko sun fara ne daga wajen dala dubu 60, Range Rover Sport P400 kuma ya ɗara su da wajen dala dubu 20. Kuɗinsu a nan yana bin dala da kuɗin kwastam, yau daban gobe daban, don haka abin da za a iya aunawa da kyau shi ne wacce ta fi wacce cin aljihu bayan an saya.

Abin da volt 48 yake yi

A motar da muka saba, kik daban, altaneta daban. A waɗannan an haɗe aikin biyu a na'ura ɗaya da ake kira motar lantarki ko motar caji (wato moto, ba motar hawa ba): ita ke tayar da inji, ita ke caji, kuma idan ka taka totur ta ɗan ƙara wa injin hannu kafin turbo ya cika. Tana da ƙaramin batir na litiyam mai volt 48, wanda ajiyarsa ba ta wuce kilowat-awa ɗaya ba, da wani akwati mai sauko da wutar zuwa volt 12 don fitilu da kwamfutoci da batirin da muka sani. Motar ba ta tafiya da lantarki zalla irin na Prius. Aikin tsarin kamar na yaron da ke tura amalanke ne a hawa: yana rage wa mai ja wahala, amma ba shi ke ja ba.

Audi da kanta cewa ta yi tsarin yana rage shan mai da abin da bai wuce lita 0.7 ba a kowane kilomita 100. Wannan kuwa a ƙasar da inji ke iya kashe kansa a danja don tsimin mai ba tare da direba ya jiƙe da zufa ba. A gwajin hukumar muhalli ta Amurka, motocin nan huɗu suna shan tsakanin lita 10 zuwa 13 a kilomita 100, X5 a ƙasa, Q7 a sama.

Ga inda gizo ke saƙa: babu altaneta ta gargajiya a jikinsu. Idan motar lantarkin ta ƙone, ko akwatin sauko da wuta ya mutu, batirin volt 12 ya daina samun caji, fitilun gargaɗi su cika allo, bayan ɗan gudu kaɗan mota ta tsaya cak. Rewaya ba zai kwance ya naɗa mata sabuwar waya ba.

Ma'aunan da suka shafe mu

Na farko zafi. Daga Maris zuwa Mayu Sakkwato tana haura digiri 40 a inuwa, kuma batirin litiyam da robobin ruwan sanyaya inji duk zafi ne ke tsufar da su. Turbo kansa tanderu ne. Injin da ke da ɗan yoyon ruwa a Jamus yana iya shekara yana lallaɓawa. A hanyar Illela da azahar, esi a kunne, ba zai ba ka wannan dama ba.

Na biyu mai, kuma nan ne ake yawan ruɗewa. Buɗe murfin tankin X5 ko GLE da ta fito daga Amurka za ka ga an rubuta 91. Mutum sai ya ce ai namu ma wajen 91 ne. Ma'aunin ba ɗaya ba ne: 91 na Amurka daidai yake da kusan 95 a ma'aunin da Turai da Najeriya ke amfani da shi, kuma fetur ɗin da ke gidajen manmu iri ɗaya ne, bai kai nan ba. Kwamfutar injin tana jin ƙwanƙwasar fiston ta ja baya da lokacin tartsatsi, don haka inji ba ya fashewa nan take, sai dai ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, zafi ya ƙaru. Duka huɗun suna fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai yawa, nozul ɗinsu ba sa yafe datti ko ruwa. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya san abin da nake nufi. Galan ɗin 'yan bumburutu kuwa, a manta da shi gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, waɗanda aka ƙera wa kasuwar Turai daga wajen 2018 suna da matatar toka a salansa, wadda yawancin na Amurka na waɗannan shekaru ba su da ita. A wajenmu, rashinta sauƙi ne.

Na uku ƙura da ruwa. Ƙurar hunturu matatar iska ce maganinta, a riƙa canzawa da wuri. Ruwa ya fi haɗari, domin wayoyi da akwatunan volt 48 ba sa shiri da laima, ko ta ambaliyar Mabera ce a watan Agusta, ko ta guguwar Amurka da ta sa kamfanin inshora ya yi gwanjon motar a Copart.

Na huɗu, wanda a ganina ya rinjayi sauran: waye zai gyara, kuma a ina? Kowane kamfani da kwamfutarsa, Xentry ta Benz, ISTA ta BMW, ODIS ta Audi, Pathfinder ta Land Rover. Sabon batir ko sabon akwati sai an yi masa rajista da ita kafin motar ta karɓe shi. Weststar ne wakilin Mercedes a Najeriya, Coscharis kuma na BMW da Land Rover, manyan garejinsu suna Legas da Abuja. Daga Sakkwato, ɗora mota a bayan babbar mota zuwa Abuja ta Gusau da Funtuwa tafiyar yini ce, a hanyar da ba kowa ke son tsayawa a kanta ba.

Na biyar kuɗi: na saye, na riƙo, da na ranar da za ka sayar.

| | GLE 450 | X5 40i | Q7 55 TFSI | Range Rover Sport P400 |
|---|---|---|---|---|
| Inji | M256, shida a jere | B58, shida a jere | EA839, V6 | Ingenium, shida a jere |
| Ƙarfin doki, lissafin Amurka | 362 | 335 | 335 | 395 |
| Ƙarfin ja | Nm 500 | Nm 450 | Nm 500 | Nm 550 |
| Giya | 9 | 8 | 8 | 8 |
| Inda motar lantarki take | tsakanin inji da giya | a fanbel, daga 2023 cikin giya | a fanbel | a fanbel |
| Esi idan inji ya mutu | yana ci gaba | yana jiran inji | yana jiran inji | yana jiran inji |
| Inda ta fi ciwo | batirin volt 48 | yoyon ruwa da mai | motar caji, famfon ruwa | akwatin sauko da wuta, shokozoba |
| Samun kaya a Najeriya | da sauƙi-sauƙi | matsakaici | da wuya | akwai, da tsada |
| Saurin sayuwa | mai kyau | matsakaici | a hankali | tana faɗuwa da sauri |

Mercedes GLE 450

M256 ya fara fitowa a S-Class a 2017, GLE kuma ta same shi a 2019. Cikin huɗun shi ne aka gina tun daga tushe domin volt 48. Motar lantarkin, mai ƙarfin doki wajen 21 da Nm 250, tana zaune tsakanin inji da giya, babu fanbel ko ɗaya a gaban injin. Famfon ruwa na lantarki ne, kwamfiresan esi ma haka.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Ka tsaya a ƙofar makaranta ƙarfe biyu na rana kana jiran yara, inji ya ɗauke, allurar ta sauka sifiri, amma sanyi na ci gaba da fitowa har batirin ya yi ƙasa, sannan injin ya tashi ba tare da ka ji ko girgiza ba. A sauran ukun kwamfiresan yana kan fanbel, saboda haka a watan Afrilu injin ko dai ya ƙi mutuwa, ko ya mutu ya tashi cikin daƙiƙoƙi, wanda ke nufin tsimin man da aka yi maka alkawari ya tafi. A Benz kaɗai tsarin ke aikin da aka yi shi dominsa cikin zafinmu.

Farashin wannan daɗi shi ne komai ya rataya a wuyan volt 48. Babu kik na gargajiya da za a koma masa. Batirin ya samu matsala, mota ba ta tashi, ko da batirin volt 12 sabo ne fil. Masu motocin shekarun farko sun yi ta kukan haka, kuma a 2024 kamfanin ya kira GLE da GLS sama da dubu 100 a Amurka saboda wayar ƙasa ta volt 48 da ke ƙarƙashin kujerar gaba ta fasinja, wadda idan ba ta ɗauru ba tana iya zafi har ta kama wuta. Duk GLE da za ka saya, a duba da lambar shasi ko an yi mata wannan gyara. Idan kuwa motar lantarkin ce da kanta ta lalace, sai an sauke giya. Ƙarfen injin ba shi da suna mara kyau. Kayan da ke kewaye da shi ne masu tsada. Abin da ke rage zafin lamarin shi ne Benz ta yi yawa a Najeriya, masu Xentry sun fi yawa, kayanta suna faɗowa kasuwannin Ladipo ta Legas da Apo ta Abuja kafin na sauran, kuma ranar sayarwa ba ka rasa mai taya.

BMW X5 xDrive40i

B58 ya girmi tsarin volt 48. Ya fito a 2015 a matsayin injin turbo zalla, ya yi suna da ƙarko, har Toyota ta ɗauke shi ta sa a Supra a 2019, Ineos ma ta sa shi a Grenadier, motar da aka ƙera domin daji. Kamfanin da ya gina sunansa a kan rashin lalacewa ya amince da injin wani, wannan shaida ce mai nauyi.

Volt 48 ɗin daga baya aka liƙa masa, kuma ƙarami ne: ƙarfin doki 11, a kan fanbel, a X5 ƙirar Amurka ta 2021 zuwa 2023. Ana iya cire motar lantarkin daga gaba ba tare da an taɓa giya ba. Ƙirar da aka sabunta a 2023, wadda a Amurka ake kira ƙirar 2024, ta mayar da ita cikin giyar kamfanin ZF, ƙarfin injin ya tashi zuwa doki 375. Akwai kuma ƙofar da mutane ba su cika lura da ita ba: X5 40i ta 2019 da 2020 injin ɗaya ne, ba tare da volt 48 ba ko kaɗan.

Ciwon B58 ruwa ne. Gidan matatar mai na roba ne, tankin ruwa da mahaɗan bututu na roba ne, kuma yana da zagayen ruwa biyu, na inji da na sanyaya iskar turbo. Roba da zafin Sakkwato ba sa daɗewa tare. Mai wannan mota ya saba da buɗe bonet da safe ya duba tankunan biyu, ya nemi farin busasshen tabo a gefen injin. Kada a zuba ruwan rijiya ko na burtsatse. Ƙasar da ake haƙo farar ƙasa ana siminti a Kalambaina, ruwanta yana barin ɓawo a bututu. Bawul ɗin numfashin inji da ke murfin sama shi ma yana yagewa, ka ji inji na fito, mai na raguwa. Duk waɗannan gyare-gyare ne da bakanike mai hankali zai iya yi a Sakkwato idan kayan sun iso. Abu ɗaya da ke ba ni haushi da X5 tayoyinta ne: yawancinsu masu tafiya ba iska ne, gefensu da tauri, ramin hanyar Gusau yana kumbura su, kuma ba kowace ke zuwa da safaya ba.

Audi Q7 55 TFSI

A zaune a ciki, ita ce ta fi shiru, ga kujeru bakwai. Injin V6 ne, turbo a tsakiyar kwarin silinda, wurin da zafi ke taruwa. Tana iya kashe inji tana gangarawa tsakanin gudun kilomita 55 zuwa 160 har na daƙiƙa 40, abin sha'awa a hanyar Tambuwal idan babu kowa.

Amma a cikin huɗun, tsarin volt 48 nata ne ya fi ƙaurin suna. Motar cajin da ke kan fanbel ta yi ta mutuwa a A6, A7, A8, Q7 da Q8, har masu motoci suka kai kamfanin kotu a Amurka, aka tsawaita garanti a kanta. Garantin can ba ya biyo mota zuwa tashar Tin Can. Famfon ruwanta kuma da iska ake sarrafa shi, idan ya fara yoyo ruwan yana bi ta bututun iskar ya shiga wasu sassa, gyara ɗaya ya zama uku. Haɗa wannan da ƙarancin masu ODIS a Arewa da ƙarancin kaya a kasuwa, sai ka gane dalilin da ya sa take sauka ƙasa da GLE a farashin tokumbo. Araha ce mai dalili.

Range Rover Sport P400

Injin Ingenium mai silinda shida ya fito a 2019, shi ne mafi ƙarfi a nan, domin bayan turbo yana da wani mafici na lantarki mai volt 48 da ke cusa iska tun kafin turbo ya farka. Akwai ɗan'uwansa P360 mai doki 355, Defender ma tana amfani da injin Ingenium ɗin. A yashi da laka babu mai kama ƙafarta cikin huɗun, an ƙera ta ta ratsa ruwa mai zurfin santimita 85, tana ɗagawa tana sauka a kan shokozoba na iska. Kwarjini kuwa, ba sai an faɗa ba.

Ƙarin kaya ƙarin abin lalacewa ne. Akwatin sauko da wuta shi ne abin da masu ita suka fi kuka da shi, kuma idan ya mutu mota tsayawa take. Balan-balan ɗin shokozoba suna tsagewa da zafi da ƙura, ka wayi gari mota ta durƙusa gefe guda. Kayanta akwai, kuɗinsu ne ba sauƙi, darajarta kuma tana zubewa fiye da ta sauran.

Abin da ya haɗa su duka

Baƙin mai siriri suke so, irin su 0W-20 ko wanda littafin motar ya ambata da lambar amincewar kamfani. Yaron gareji zai ce, "Ranka ya daɗe, zahin garin ga sai mai kauri." Kada a yarda, 20W-50 yana jinkirin isa turbo da sarkar inji. Kamfanonin suna cewa a yi juye bayan kilomita 15,000 ko fiye; da ƙurarmu da fetur ɗinmu, ni rabin haka nake ba da shawara. Kada a cire kan batir inji na aiki don gwada caji, kada a yi walda a jiki ba a kashe tsarin volt 48 ba. Sannan ba sa son ajiya. Motar da aka rufe da tamfol aka tafi aikin Hajji, ko wadda ke layi a gidan mai motoci biyar, batirinta na volt 12 yana zubewa, na litiyam ya bi shi, wani lokaci ya kulle kansa sai an sa kwamfuta. A riƙa fita da ita duk mako, ko a bar ta a kan ƙaramar caja.

Kafin biyan kuɗi, a binciki tarihin lambar shasi, a ɗaga kafet ɗin ƙasan kujeru da na but a nemi tsatsa da busasshiyar laka, a sa kwamfutar kamfanin ta karanto lafiyar batirin volt 48. Dillalin da ya hana wannan ya riga ya ba ka amsa.

Wa ya dace da wacce

Wanda motarsa ɗaya ce, yana yawan zirga-zirga zuwa Birnin Kebbi, Kano ko Abuja, kuma lallai ta Turai yake so: X5 40i. Idan ya samu ta 2019 ko 2020 mai tsabta, ya huta da volt 48 gaba ɗaya. Ta 2021 zuwa 2023 ma ba laifi. Ya sauya tayoyin zuwa na gama-gari, ya nemi safaya.

Wanda yawancin tafiyarsa cikin gari ce, direba na yawan jira da iyali a mota, yana da wata motar a gida, kuma kai ta Abuja sau ɗaya ko biyu a shekara ba zai dame shi ba: GLE 450, wadda aka tabbatar an yi mata gyaran wayar ƙasa. Ita ce kuma ta mai tunanin sayarwa bayan shekara biyu ko uku.

Range Rover Sport ta wanda ke shiga gona ko ƙauye ta hanyar yashi ce, yana son ya isa taro da ita kuma, yana da Hilux ko Prado a ajiye don ranar da ta durƙusa. Q7 sai mai iyali da yawa da ke zaune rabi a Abuja ko Kaduna, ya samu shaidar an riga an canza motar cajin, kuma ragin da aka yi masa ya isa sayen wata.

Wanda kuwa tsimin mai ne ya kawo shi, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ba a layin nan zai same shi ba. Lexus RX 450h cikakken haibirid ne, tana shan wajen lita 8 a kilomita 100 a gwajin da waɗancan ke shan 10 zuwa 13, kuma babu turbo a jikinta. Mai son motar da kowane bakanike a Sakkwato ya san cikinta, RX 350 ta 2016 zuwa 2022 mai V6 lita 3.5 da doki 295 tana shan fetur ɗinmu ba gardama. Mai shiga daji kuma ya duba GX 460, ya shirya wa tankinta.